Digirinka Ya Ratsa Fannoni, Kana Neman Koyarwa a Jami'a: Ga Inda Za Ka Kama

Duk lokacin da jami'a ta buga tallar neman malamai, akwai wasu masu ilmi da ke karanta ta gabansu na faɗuwa, alhali takardunsu sun cika har sun yi saura. Ɗauki wanda ya yi digirin farko a kemistiri, ya tafi Indiya ya yi na biyu a bayoteknoloji, ya dawo ya yi digirin digirgir a kan dagwalon da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke zubarwa, takardar kuma ta fito da sunan kimiyyar muhalli. Ya kai takardunsa sashen kemistiri, a ce masa ai kai ka bar mu tun daga digiri na biyu. Ya nufi sashen ilmin halittu, a ce ba nan aka yanke maka cibiya ba. Ya leƙa wajen masu muhalli, waɗanda a wasu jami'o'in 'yan labarin ƙasa ne, su tambaye shi ina ya taɓa zana taswira. Ya zama jemage ke nan: tsuntsaye su ce dabba ne, dabbobi su ce tsuntsu ne.

Irin waɗannan mutane ƙaruwa suke yi. A 2023 kaɗai gwamnatin Kano ta sanar da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda, kuma jami'o'in Indiya sun daɗe suna ba da digiri masu sunayen da babu sashensu a yawancin jami'o'inmu. A nan gida ma mu ne ke yaye su. Tun 2014 Bankin Duniya ya fara tallafa wa manyan cibiyoyin bincike a jami'o'in Afirka. Jami'ar Bayero ta samu ta noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta samu ta cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi da kuma bayoteknolojin binciken laifuka. Shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi yana horar da masana sauyin yanayi a Minna da Akure, a Yamai kuma yana haɗa sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni. Duk waɗannan an gina su ne a kan cewa matsalar fari ko ta cuta ba ta san iyakar sashe ba. Sai ga shi jami'ar da ta ba mutum digirin da hannun dama, ranar ɗaukar aiki ta ce da hannun hagu ba ta gane shi ba.

Kafin ka zagi shugaban sashe, ɗan'uwa, ka fahimci abin da ke hana shi barci, domin a nan dabarar taka za ta fito. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, tana turo tawaga ta tantance kowane kwas. Ana duba abubuwa da dama, amma huɗu ne ginshiƙai: abin da ake koyarwa, malamai, gine-gine da kayan aiki, sai laburare. Kwas ba ya samun cikakkiyar amincewa, wadda ke kai shekara 5, sai ya ci kashi 70 cikin 100 a jimla da kuma a kowane ɗaya daga cikin huɗun nan. In aka hana shi gaba ɗaya, an dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai ke nan. A fannin kimiyya ƙa'ida ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 20. To shugaban sashe yana kallon takardunka ne yana tuna ranar da 'yan tawaga za su zauna da fayil ɗin malamai, yana tsoron kada wani dattijon farfesa ya ɗaga naka ya ce wannan ba ɗan fannin ba ne, kada a ƙirga shi.

Tsoronsa na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma gaskiyarsa. Yana da aji na ɗalibai ɗari da wani abu a shekara ta biyu, babu mai koya musu ginshiƙan kwasa-kwasan fannin. Shi ba ƙwararre a kan abu ɗaya siriri yake nema ba, yana neman wanda zai jefa wa kwas uku ranar Litinin ya shiga aji ba tare da ya ji kunya ba. Duk abin da za ka gabatar, ka sa ya amsa waɗannan tsoro biyu.

Ban ce babu mugunta ba. Akwai ta. Tallar kan ce ana son digiri a fanni kaza ko wanda ya danganci shi, ba a faɗi waɗanne ne dangin ba. Wannan giɓi shi ne ƙofar da ake buɗe wa ɗan gida, a rufe wa baƙo. Na san kwamitin da ya ga dangantaka tsakanin fannoni biyu a shekarar da ɗan wani babba ya nema, bayan shekara biyu dangantakar ta ɓace. Za mu zo kan wannan. Bari mu fara da abin da ke hannunka.

Abu na farko, ka zaɓi gida ɗaya. Mafi yawan masu irin takardunka suna kashe kansu ne da cewa za su iya koyarwa a sashe uku. A kunnen kwamiti wannan na nufin ba ka da ko ɗaya. Jami'a a sashe take ɗaukar mutum, a sashe ake ba shi kwas, daga sashe takardar ƙarin girmansa ke tashi. Ka zauna ka tambayi kanka ba tare da yaudara ba: a wane fanni zan iya koyar da ɗalibin shekara ta biyu da ta uku gobe da safe? Galibi amsar ita ce fannin digirinka na farko, domin nan ka yi shekara huɗu kana shan wuya. Wannan shi ne gidanka. Sauran abin da ka karanta ƙari ne da ka zo wa gidan da shi, kuma haka za ka gabatar da shi.

Daga nan sai aikin da mutane kaɗan ke yi, kuma shi ne ke raba gardama. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i da ake kira CCMAS, ta kasa ilmi zuwa manyan fannoni 17. Kashi 70 cikin 100 na kowane kwas hukumar ce ta tsara, kashi 30 aka bar wa kowace jami'a. Kundin kowane fanni yana shafin hukumar a intanet, kyauta. Sauke na fannin da ka zaɓa, ka ɗauko takardun makinka na dukkan digirorinka, waɗanda muke kira tiranskirif, ka yi jadawali a shafi ɗaya. A gefe guda ka jera kwasa-kwasan da manhajar ta wajabta, da lambobinsu. A ɗaya gefen ka sa kwas ɗin da ka yi wanda ya yi daidai da kowanne, da yawan yunit ɗinsa, da makin da ka ci, da jami'ar da ka yi shi. A ƙasa ka tara jimla. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120. In ka nuna cewa wani kaso mai kauri daga ciki ka yi shi a fannin nan, ka fitar da maganar daga sunan takarda ka kai ta ga lissafi. Ka sa alama a kan kwas biyar ko shida da kake shirye ka karɓa nan take. Wannan shafi ɗaya ya fi dogon tarihin karatu mai shafi goma amfani, kuma shi shugaban sashe zai ajiye a fayil ɗinka ya nuna wa 'yan tantancewa.

Kada ka manta da kashi 30 ɗin nan. Sassa da yawa sun cusa sababbin kwasa-kwasai a ciki, na sauyin yanayi, na sarrafa bayanai da kwamfuta, na makamashin rana, kuma ba kowane sashe ke da mai koyar da su ba. Nemi littafin sashen ka duba. Nan ne abin da ake yi maka gori da shi yake zama abin da ake nema.

Sai kundin digirinka. Sunan da ke bangon takardar shaida sau da yawa sunan cibiya ne ko na shiri, ba ya faɗin aikin da ka yi. Mai digirin kimiyyar muhalli wanda ya shekara uku yana auna kuromiyom da gubar dalma a cikin ruwa da ƙasa, aikin kemistiri ya yi. Ka roƙi malamin da ya duba aikinka ya rubuta wasiƙa gajeriya da ke faɗin fannin da binciken ya zauna a kai, da hanyoyin da ka bi, da fannin wanda ya zo daga waje ya jarraba ka. Ka haɗa da taƙaitaccen bayanin kundin. Maƙalunka ma ka lura da inda kake buga su: in gidanka kemistiri ne, ka tabbata mafi yawansu suna mujallun da ɗan kemistiri zai gane sunansu. Ka shiga ƙungiyar masana fannin, ka riƙa zuwa taronsu na shekara. Waɗanda ke zama a waɗannan taruka su ne gobe za a aika wa maƙalunka su auna in ka nemi zama farfesa.

Wanda ya karanto a waje, ya kai takardunsa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a tantance kafin talla ta fito, kada ya jira sai an nema. Tun daga Janairun 2024, da aka dakatar da amincewa da digirorin Benin da Togo, jami'o'i sun ƙara tsananta bincike a kan duk takardar da ta ƙetaro iyaka.

Yanzu ga maganar da ba kowa ke son ji ba. In ka yi jadawalin nan ka ga ramuka, kada ka ce an zalunce ka. Cike su. Venkatraman Ramakrishnan ya yi digirin farko a fiziks a Baroda, ya yi na digirgir a fiziks a Jami'ar Ohio ta Amurka a 1976. Da ya so komawa ilmin halittu, bai ce ai ni dakta ne ba. Ya koma aji a San Diego ya shekara biyu yana koyon fannin tare da ɗalibai. Duk da haka, da ya zo neman koyarwa ya rubuta wa jami'o'i kusan 50 bai samu ba, sai a cibiyar bincike ya fara. A 2009 aka ba shi kyautar Nobel, a kemistiri kuma, fanni na uku. Masu kare haɗa fannoni suna son kawo labarinsa don su nuna wautar jami'o'in da suka ƙi shi, kuma sun yi gaskiya. Ni abin da na fi so ka ɗauka shi ne shekara biyun nan da ya koma benci. Babbar difloma ta shekara ɗaya a fannin da ka zaɓa tana iya toshe bakin kowa.

Ka kuma san inda ƙofa ta fi sauƙin buɗuwa. Sabuwar manhajar ta ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, da kwasa-kwasai irin su tsaron intanet da kimiyyar bayanai da ƙera manhajar kwamfuta. Waɗanda suka yi digirin farko, na biyu da na uku duka a kimiyyar bayanai ba su da yawa a ƙasar nan, don haka dole a ɗauko daga lissafi da ƙididdiga da fiziks. Sababbin jami'o'i da sababbin sassa sun fi tsofaffi sassauci, haka cibiyoyin bincike. Shiga ta can ba faɗuwa ba ce.

In an kira ka intabiyu, kada ka ɓata minti goma kana bayanin yadda fannoni suka haɗu a aikinka. Nemi a ba ka allo ka koyar da darasi ɗaya daga ginshiƙan kwasa-kwasan shekara ta biyu. In kuma an tsallake sunanka, ka rubuta wa magatakardan jami'a cikin ladabi ka nemi a faɗa maka dalili a rubuce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman ƙa'idojin da aka yi aiki da su a jami'ar tarayya, ta kuma ba su kwana 7 su amsa. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Ba lallai wannan ya dawo maka da gurbin ba, amma kwamitin da ya san za a tambaye shi dalili yakan gyara zama.

To, ranku ya daɗe, shugabannin sassa da na tsangayu da 'yan majalisar malamai, saura ku. Ba a ce ku buɗe ƙofa kowa ya shigo ba. Abin da ake roƙo shi ne a rubuta ƙa'idar kafin a ga fuskar masu nema. Kowane sashe ya zauna ya jera fannonin da ya yarda danginsa ne, majalisa ta amince, a buga jerin tare da tallar, a riƙa sabunta shi duk bayan 'yan shekaru. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema mako 6. In ana bin wannan maimakon yawan neman izinin tsallake talla, rabin zargin da ake yi muku ya kau.

Amma jeri kaɗai ba ya isa, domin kowace shekara sabon suna ke fitowa. Dole a sa ma'auni na biyu ga wanda sunan digirinsa bai shiga jerin ba. Shawarata ita ce a ƙirga yunit: duk wanda ya tara, a dukkan digirorinsa, abin da ya kai sulusin yunit ɗin digirin farko a ginshiƙan fannin, wato kamar 40 cikin 120, a kira shi intabiyu. Kuna iya ɗaga adadin ko ku sauke shi. Muhimmin abu ya zama ɗaya ne ga kowa, kuma an san shi tun farko. Kiran intabiyu ba ɗauka ba ne. Ranar, kowa ya koyar da darasi a gaban kwamiti, mai tsantsar fanni da mai haɗe-haɗe, a auna su da sikeli ɗaya. Za ku sha mamakin yawan masu digiri uku a fanni ɗaya da ba za su iya riƙe aji na minti ashirin ba. A sa mutum ɗaya daga sashen da ke maƙwabtaka a cikin kwamitin, wanda zai iya karanta rabin aikin da 'yan gida ba su gane ba. Wanda aka ƙi, a ba shi dalili a layi biyu, da wa'adin ɗaukaka ƙara ga wani kwamiti daban.

Indiya ta daɗe tana wannan rigima, kuma akwai abin dubawa a wurinta. Ƙa'idar hukumar jami'o'inta ta 2018 ta ce mai neman matakin farko na koyarwa ya zo da digiri na biyu da maki 55 cikin 100 a fannin ko danginsa, ya kuma ci jarrabawar cancanta ta ƙasa, ko ya zo da digirin digirgir da ya cika sharuɗɗa. Shekaru ana jayayya a kan wane ne dangin wane. A Janairun 2025 hukumar ta fitar da daftarin da ya ce in fannin digirin digirgir ya bambanta da na baya, na digirgir za a bi. Wannan ya fi abin da muke yi adalci, amma ni ban yarda a kwafo shi yadda yake ba. Digirin digirgir shaida ce cewa mutum ya haƙa rami ɗaya da zurfi. Ba ya nuna zai iya koyar da faɗin fannin. Su suna da jarrabawar ƙasa da ke auna faɗin, mu ba mu da ita. Shi ya sa na dage a kan ƙirga yunit da gwajin koyarwa.

Akwai inda sassauci ba shi da wuri. Kwasa-kwasan asibiti na likitanci, haɗa magunguna, da injiniyanci suna ƙarƙashin hukumomin sana'a masu doka, kuma su ma suna tantancewa. Wanda ba shi da lasisin likita ba zai koyar da duba mara lafiya ba, komai yawan maƙalunsa. Amma ko a can, lissafin da injiniya ke koyo da bayokemistirin da ɗalibin likitanci ke yi a shekarun farko ba sa buƙatar lasisin kowa. A fayyace waɗanne kwasa-kwasai ne doka ta keɓe, kada a fake da su a rufe tsangaya gaba ɗaya.

Ɗauka ma ba ita ce ƙarshen wahala ba. Mutum ya shiga lafiya, ya kai babban lakcara, ranar neman kujerar farfesa a aika maƙalunsa ga masu aunawa na waje, su ce rabi ba na fannin ba ne. Gyaran mai sauƙi ne: a rubuta fannin ƙwarewarsa a takardar ɗaukarsa tun ranar farko, in lokaci ya yi a zaɓi aƙalla mai aunawa ɗaya daga ɗaya ɓangaren. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sanin wannan matsala, domin ƙarin girmansu yana bi ta majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu, inda ake raba fayiloli ga kwamitocin fannoni: lissafi da fiziks da kemistiri a guda, ilmin halittu da noma a wani. Mai binciken sauyin yanayi a Yamai ko Maraɗi dole ya san tun da wuri wane kwamiti zai karanta shi, ya tara aikinsa ta can.

Maganata ta ƙarshe ga wanda bai tafi ba tukuna, wanda takardar gurbin karatu ke hannunsa yanzu da wani suna mai daɗin faɗi. In kana koyarwa a matakin farko kuma jiharku za ta biya maka, kada ka hau jirgi sai ka kai wa shugaban sashenka jerin kwasa-kwasan shirin, kwamitin sashe ya zauna a kai, an rubuta a bayanan taro cewa an yarda digirin na fannin ne, an ba ka kwafe mai sa hannu da hatimi. Shugaban da ya ce maka da baki "je ka, babu komai" wa'adinsa zai ƙare kafin ka dawo, wanda ya gaje shi kuma fayil kawai zai buɗe. In kuwa ba ka da aiki tukuna, ka tura jerin ga shugabannin sassa biyu ko uku a jami'o'in da kake fatan shiga, ka tambaye su kai tsaye ko za su kira mai wannan digiri intabiyu. In dukansu suka yi shiru ko suka yi kwana-kwana, ka nemi wani shirin kafin ka biya kuɗin zangon farko.